Tsohon Kwamin Ninkaya Na Yoyo: A Liƙe, A Ɗinke, A Tona, Ko A Sake Shimfiɗa?

Mai kwamin ninkayan da ya haura shekara 15, ko mai kula da na otal ko makaranta, da wuya ya tsira daga wannan ranar: ya zo da safe ya tarar ruwa ya sauka ƙasa da inda ya bar shi jiya. Nan da nan shawarwari za su fara zuwa ta ko'ina. Wannan ya ce a zuba maganin toshe yoyo, wancan ya ce a kwashe ruwan a sake filasta, mai aikin famfo ya ce bututu ne, a fasa daɓe. Kowannensu na iya yin gaskiya, amma a kan kwami daban da naka. Abin da nake a kai shi ne kada ka biya kuɗin gyara sai ka san ta ina ruwan yake fita, domin ana asarar kuɗi mai yawa a wannan harka a kan gyaran wurin da lafiyarsa ƙalau.

Ma'aunin da za a auna kowane zaɓi da shi

Na farko kuɗi, kuma ba wanda za ka miƙa wa mai aiki kaɗai ba. Idan gyaran na bukatar kwashe ruwa, sai ka haɗa da kuɗin sake cikawa da sinadaran da za a zuba daga farko. Na biyu ƙarko: wata shida zai yi ko shekara goma? Na uku sauƙi: za ka iya da hannunka, ko sai ƙwararre, kuma kwana nawa kwamin zai yi a rufe? Na huɗu haɗari, ga ginin da kuma ga mutumin da zai shiga ruwan.

Akwai na biyar da ya fi su duka nauyi, wato dacewa. Jikin kwami iri uku ne a galibi: kankare mai filasta ko tayil, faiba da aka ƙera a masana'anta aka binne, da kuma mai shimfiɗar roba. Ruwa kuma ta wuri uku yake guduwa: ta jikin, ta bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, ko ta wajen injin da ke zagaya ruwan da matatar da ke tace shi. Gyara mai kyau da aka yi a wurin da ba nasa ba, an yi ba a yi ba ne.

Da farko, yoyo ne kuwa?

Rana da iska suna shan ruwa kullum. Milimita 3 zuwa 7 a yini ba abin mamaki ba ne, kuma a lokacin zafi da busasshiyar iska yakan wuce haka. Don ka raba wannan da yoyo na gaskiya, bokiti ya ishe ka. Ka cika shi da ruwan kwamin, ka sa dutse a ciki kada ya kife, ka ajiye shi a kan matakala yadda ruwan cikinsa da na waje za su zo kusan daidai. Ka yi alama biyu da tef, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ka hana kowa shiga, ka rufe duk abin da ke ƙara ruwa da kansa, ka jira awa 24. Rana ɗaya ce ta bugi ruwan biyu, don haka idan na waje ya fi na bokiti sauka, bambancin shi ne yoyonka. Idan aka yi ruwan sama, sai a sake.

Kada ka rena santimita ɗaya. Kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 yana da murabba'in mita 32, kuma kowace santimita da ya sauka lita 320 ce. Idan kullum haka yake sauka, a kwana 30, lita 9,600 ta shige ƙasar da ke riƙe da ginin, tana wanke ta a hankali. Daɓen gefe da ya fara lotsawa, ko ciyawar da ta fi ta ko'ina kore a kusurwa ɗaya, duk daga nan suke.

Ka yi gwajin sau biyu, yini ɗaya inji a kashe, yini ɗaya a kunne. Idan asarar ta ƙaru da inji a kunne, zargi na kan bututun da ke mayar da ruwa cikin kwami, domin matsi ke tura ruwan waje. Idan ta ragu da inji a kunne, kuma kana ganin kumfa na wasa a ƙarƙashin murfin injin ko tana fitowa daga bakin bututu, to ɓangaren tsotso ne: yana jan iska lokacin aiki, yana zubar da ruwa lokacin hutu. Idan babu bambanci, ka duba jikin kwamin. Wata alama da mutane ba su cika lura da ita ba: rana ba ta ɗauke gishiri, ruwa kawai take ɗauka. Kwamin da ke aiki da gishiri idan awonsa na raguwa ba dalili, ruwa na fita ta wani wuri.

Nema da kanka

Ka fara daga inda ba ya bukatar shiga ruwa. Ka duƙa wajen inji da matata, ka shafa ƙarƙashin kowace mahaɗa, ka duba ko akwai farin tabo ko danshi a daɓe. Sannan ka bi bututun da ke zubar da ruwan wankin matata har ƙarshensa. Idan yana ɗiga alhali ba wanki ake yi ba, robar da ke cikin babban bawul ɗin matatar ce ta mutu. Wannan shi ne yoyo mafi araha da za ka taɓa samu, kuma an sha fasa daɓe a banza saboda ba a leƙa nan ba.

Daga nan sai ka kashe inji ka bar ruwan ya sauka da kansa, ka ga inda zai tsaya. Idan ya tsaya daidai leɓen sikima, wato akwatin da ke tsotse dattin saman ruwa, nan ne. A tsofaffin kwamin kankare wannan wuri ne ya fi ko'ina yoyo, domin akwatin roba ne, bangon siminti, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, shekara da shekaru sai su rabu. Idan ya tsaya a bakin bututun mayarwa ko a ramin fitila, ka sami inda za ka duba. Idan ya wuce duk waɗannan yana ci gaba da sauka, ka dakatar da gwajin ka ƙara ruwa, zargi ya koma kan gindi da magudanar ƙasa, wato wadda ke tsotsar ruwa daga gindin kwamin. Kada ka bar shi ya ƙafe don son ganin ƙarshe. Dalilin na nan tafe.

Sai gwajin rini. Ruwa a kwance, inji a kashe, ka ɗauki sirinji da rini mai duhu, ka kai bakinsa kusa da wurin da kake zargi, ka matsa kaɗan. Inda babu komai, rinin zai yi ta yawo ya baje. Inda akwai kafa, za ka gan shi ya miƙe siriri kamar zaren hayaƙi ya shige cikin tsagar. Hannu ya zauna cak, domin motsi kaɗan na ɓata gwajin. Kafin ka taɓa ramin fitila, ka kashe wutarta daga babban makashi, ba daga maɓallin bango ba. Kafin ka nutse wajen magudanar ƙasa, ka tabbata inji a kashe yake, domin tsotson magudana yana iya riƙe babban mutum a ƙarƙashin ruwa. Kuma wani ya tsaya a bakin kwamin.

Wannan hanya kusan kyauta ce, kuma tana kama yoyon jiki da na wajen inji. Iyakarta ɗaya: ba ta ganin abin da ke binne.

Kiran mai gano yoyo

Ƙwararre zai toshe bakin kowane bututu, ya tura ruwa ko iska a ciki zuwa matsin da bai cika wuce psi 20 ba (psi ma'aunin matsi ne), ya zuba wa agogon matsi ido. Layin da allurarsa ta tsaya lafiyarsa lau. Wanda ta sauka, shi ne mai laifi. Daga nan zai bi saman daɓe da na'urar saurare yana neman ƙarar iska tana ɓulɓula a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wasu kuma kan tura iskar gas mara nauyi su bi sawunta, ko su zura kyamara. Mai shimfiɗar roba yana da tasa na'urar, wadda ke bin wutar lantarki mai rauni zuwa hudar da ido ba zai gani ba.

Kuɗinsa matsakaici ne, aikin yini ɗaya, kuma ba ya gyara komai. Wannan ne ke sa mutane jin kamar asara ce. Ni ina ganin shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani, domin shi ke mayar da tonon mita goma ya koma rami guda. Ka nemi a gwada kowane layi daban, a rubuta maka sakamakon, a yi alama a daɓe inda za a fasa. Wanda ya ce maka bututu ne bai sa agogo ba, lalube yake cikin duhu.

Gyara na ɗaya: liƙi da faci

Ifoksi, wato gam mai ƙarfi mai kwaɓi biyu, wanda ake murzawa a hannu har launinsa ya zama ɗaya, yana kamawa a cikin ruwa. Ka kankare wurin da buroshin ƙarfe, ka danna shi cikin kafar, ka shafe gefensa da jiƙaƙƙen yatsa. Ga leɓen sikima, ramin wayar fitila da ƙananan tsagogi, yana tsayar da yoyo a ranar. Ga shimfiɗar roba kuma faci ne: a yanka shi zagaye ba mai kusurwa ba, ya fi hudar da santimita 5 ta kowane gefe, a shafa gam, a ninke shi, sai an kai wurin a buɗe a manna.

Shi ne mafi araha, ba kwashe ruwa, haɗarinsa kaɗan. Ƙarkonsa ne abin dubawa. A wurin da ba ya motsi yana iya yin shekaru. A wurin da ke motsi, kamar mahaɗar sikima da bango, ka sa ran sake shi, wataƙila kowace shekara. Faci a kan roba mai laushi yana daɗewa, amma robar da ta bushe ta koɗe tana tsagewa idan an taɓa ta, yau ka toshe nan gobe ta buɗe can.

Na biyu: ruwan toshe yoyo

Ana zuba shi a ruwan ya zagaya, da fatan zai taru a kafar ya daskare. Yana da araha, ba wahala, shi ya sa yake da farin jini. Ƙaramar huda ce kawai yake iya rufewa, dole a kewaye matata kada ya toshe ta, kuma idan ya yi aiki ba ka san me ya rufe ba, balle ka san ranar da zai saki. Ba na ba da shawararsa sai a hali ɗaya: an gwada layi, an tabbatar yoyon ɗan kaɗan ne, kana neman watanni kafin lokacin da za ka iya tono.

Na uku: allura da ɗinkin kankare

Nan sai an bambance tsaga biyu. Akwai ƙananan zane-zane a fuskar filasta, waɗanda ba su ratsa kankare ba, kuma yawanci ba sa yoyo. Akwai kuma tsagar da ta ratsa gini, wadda ke tafiya doguwa, wani lokaci ta sauko bango ta bi gindi ta hau ɗaya bangon, ko ka ga ta ci gaba har kan daɓen waje. Jan tabon tsatsa a bakinta na nufin ruwa ya kai ga rodi.

Irin wannan ba a shafe ta da siminti a tafi. Ana huda ramuka a jere a ɗura sinadari da matsi har ya cika ta ciki. Ifoksi yana haɗe kankaren ya yi tauri, ya dace da tsagar da ta daina motsi kuma ta bushe. Foliyuritan yana kumbura idan ya haɗu da ruwa, yana da ɗan laushi, ya fi jure danshi da ƙaramin motsi, sai dai ba ya ƙara wa gini ƙarfi. Don haka ake haɗawa da ɗinki: a yanka gurabe a gicciye kan tsagar, kusan kowane santimita 30, a dasa ƙarfe ko sandar zaren kabon, a rufe. Kafin ka amince da kowanne, ka auna faɗin tsagar a wuri biyu ko uku, ka yi alama, ka sake aunawa bayan 'yan makonni. Idan tana ƙara buɗewa, matsalar na ƙarƙashi: ƙasa ta zaizaye, ko saiwar bishiya na turawa, ko laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Wannan aikin injiniyan gini ne kafin na mai gyaran kwami, kuma duk ɗinkin da aka yi ba a magance shi ba zai tsage a gefensa.

Kuɗin ya fi matsakaici, ana rage ruwa ko a kwashe, ba aikin mai gida ba ne. Idan ƙasa ta zauna, gyara ne na shekaru masu yawa. Tabon wurin zai fito sai an sake fuskar.

Na huɗu: bututu

Hanya uku ce. A fasa daɓe daidai inda aka gano, a yanke ɓangaren, a sa sabo: wannan ya fi inganci idan sauran layin na da rai, kuma galibi a gwiwa ko mahaɗa ake samun ɓarakar. Ko a toshe tsohon layin baki ɗaya a ja sabo ta wata hanya, abin da ya fi dacewa idan bututun da aka tono ya nuna tsufa, yana karyewa a hannu, ko irin mai lanƙwasa ne da gara ta ci, ko kulorin ya cinye shi ta ciki saboda shekarun da aka yi ana jefa ƙwayoyinsa a kwandon sikima. Ko kuma a shafe cikin bututun da ifoksi ba tare da tono ba, wanda ke ceton daɓe mai tsada, sai dai bututun kwami siriri ne, inci ɗaya da rabi zuwa biyu, ga gwiwoyi da yawa, ba kowane layi ke karɓar wannan ba.

Layin magudanar ƙasa shi ne mai wuya, domin a ƙarƙashin ginin yake. Da yawa kan toshe shi su ci gaba da aiki da sikima, su karkatar da bakin mayarwa ƙasa don ruwan gindi ya riƙa motsi. Kafin a yanke masa hukunci, a duba ɗan bawul ɗin da ke cikin magudanar, wanda aikinsa shi ne barin ruwan ƙasa ya shigo idan ya yi yawa. Tsakuwa ɗaya idan ta maƙale a bakinsa ta isa ta sa kwami zuba dare da rana.

Na biyar: sabunta fuska gaba ɗaya

Filasta takan yi shekara 10 zuwa 15, shimfiɗar roba ma kusan haka. Idan taka ta kai, sabuntawa na da ma'ana. Amma a fahimta: sabuwar filasta ba ta gyara bututu, kuma ba ta riƙe tsagar gini, za ta tsage a daidai wurin. Abin da ke haye ƙananan tsagogi shi ne shimfiɗar robar PVC mai zare a ciki, mai kaurin milimita 1.5, wadda ake yankawa a wurin a haɗa da iska mai zafi. Tana mayar da tsohon kankare ya zama mariƙi kawai, ita ke tsare ruwan. Ingancinta na hannun mai haɗa ta.

Shi ne mafi tsada, makonni a rufe, kuma a nan babban haɗarin yake. Nauyin ruwa ne ke danne kwami a ƙasa. Idan aka kwashe shi alhali ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, kwamin na iya ɗagowa daga mazauninsa ya karya bututu da daɓe, ɓarnar da sau da yawa ba ta gyaruwa. Na faiba bangonsa kan lotso ciki idan ba a tokare shi ba, na roba kuma shimfiɗarsa kan tsuke ta ƙi komawa. Ba a kwashe ruwa bayan ruwan sama mai yawa, ba a yi sai da wanda ya san yadda ake buɗe wa ruwan ƙasa hanya.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Liƙi da faci | Kaɗan | Watanni zuwa shekaru | Mai gida zai iya | Kaɗan |
| Ruwan toshe yoyo | Kaɗan | Ba tabbas | Mai sauƙi | Toshe matata, ɓoye matsala |
| Allura da ɗinki | Sama da matsakaici | Dogo, idan ƙasa ta zauna | Sai ƙwararre | Rage ruwa, sake tsagewa |
| Gyara ko sauya bututu | Matsakaici zuwa mai yawa | Dogo | Tono, sai ƙwararre | Fasa daɓe a banza idan ba a gwada ba |
| Sabunta fuska | Mafi yawa | Shekara 10 zuwa sama | Makonni a rufe | Ɗagowar kwami |

Wanne ne naka?

Idan rini ya nuna maka kafa ɗaya a leɓen sikima ko ramin fitila, ka liƙe, ka maimaita gwajin bokiti bayan kwana biyu. Idan ka liƙe wuri ɗaya har sau uku, lokacin yanke sikimar a dasa sabuwa ya yi.

Idan asarar na canzawa da kunna inji da kashe shi, kuma wajen inji a bushe yake, kada ka sayi komai. Ka kira mai agogon matsi, sannan ka zaɓa tsakanin rami guda da sabon layi bisa abin da idonka ya gani a jikin bututun da aka tono.

Idan tsaga ce doguwa, ka fara da awo da injiniya. Wadda ta tsaya, allura da ɗinki. Wadda ke tafiya, ƙasa tukuna.

Otal, makaranta, da duk inda rufe kwami ke jawo asara, ya fi musu su liƙe su lallaɓa zuwa lokacin da ba jama'a, sannan su yi babban aikin sau ɗaya. Wanda fuskar kwaminsa ta tsufa kuma yoyon ya wuce wuri biyu, sabuntawa ta fi masa, da sharaɗin a gwada dukkan bututu kafin a fara, a gyara na gyarawa tun daɓe na buɗe. Kuma kowane aiki aka yi, a ajiye wani kaso na kuɗin sai gwajin awa 24 ya nuna ruwan ya tsaya.

Akwai kuma wanda kwaminsa ya haɗa duka: ginin na motsi, bututu sun mutu, masu shiga ba su da yawa. Shi kam cike ramin zaɓi ne na hankali. Sai dai a yi shi daidai: a cire wutar lantarki, a huda gindin da manyan ramuka don ruwan sama ya riƙa wucewa, a rushe saman bangon, a cike da ƙasa ana dannewa hawa-hawa. Kafin a kai ga haka, a kewaye shi da shinge mai ƙofa a kulle, domin ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana iya halaka ƙaramin yaro.